Rabin Amsar da Ta Iso Roni

Makarantar Firamare, Roni
9 ga Yuni, 1975

Ƙanena Manasseh,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ina fata kana lafiya, sanyin Ingila kuma bai hana ka karatu ba. Mu a nan ruwa ya sauka tun makon jiya, an yi shuka, rabin 'yan ajina suna gona. Ni ƙalau nake a jiki.

Na san za ka yi mamakin ganin hannuna. Tun da ka bar gidan Baba Daudu a Kazaure, shekara goma sha ɗaya ke nan, Lydia ce mai rubuta maka, ni sai dai in ce ta sa gaisuwata a ƙarshe. Adireshinka ma a cikin Littafi Mai Tsarkinta na samo. Yanzu hannunta na dama ya kumbura, ba ya riƙe alƙalami.

Lydia ba ta da lafiya, kuma ta hana a gaya maka. Cikin watan Afrilu aka cire mata nono na dama a asibiti a Kano. Likita ya ce ciwon daji ne. Ashe wata bakwai tana jin kullutu a wurin, ba ta faɗa wa kowa ba, har ni da muka kwana ciki ɗaya. Bayan aikin ta ɗan murmure, yanzu kuma ciwon baya ya tasar mata. Akwai wani magani da aka ce za a ba ta, wai yana cikin jirgin ruwa a Ikko, jiragen siminti sun tare hanya. Mijinta Joseph yana tuƙa tifa a kamfanin da ke zuba kwalta, sai ƙarshen mako yake gida. 'Yarsu Dorkas, wadda ba ka sani ba, ta shiga shekara huɗu. Duk Juma'a in an tashi makaranta nakan hau mota in tafi Kazaure, in dawo ranar Lahadi.

Ga abin da ya sa na rubuto. Washegarin ranar da aka yi mata aikin ina tsaye a baranda, sai wata nas ta daka mini tsawa, ta ce, "Wa ya ce ki sauko daga gado?" Da na nuna mata Lydia a kwance, sai ta rufe baki ta tafi ta kira likita. Ya dube ni, ya dube ta, ya tambaya ko mu tagwaye ne irin masu kama ɗaya. Na ce haka ne. Ya rubuta wani abu a takarda, ya wuce.

Tun ranar hankalina bai kwanta ba. Ina cikin koyar da lissafi sai in tsinci kaina a bakin taga, alli a hannu, na manta inda na tsaya. Lydia ta taɓa gaya mini cewa karatunka a kan irin wannan ciwo ne, da abin da 'ya'ya ke gada a wurin iyaye. To, ka gaya mini. Jikina da nata ɗaya ne? Abin da ya same ta, yana jira na ne? Kada ka lallashe ni. Ka tuna ni ce na koya maka karatu a gindin dalbejiyar gidanmu, na san lokacin da kake kauce wa tambaya.

Yayarka,
Martina

*

Ingila
2 ga Yuli, 1975

Yaya Martina,

Na gaishe ki da kyau, tare da fatan kina lafiya, ke da Yaya Lydia da Joseph da Dorkas. Ni lafiya lau. Wasiƙarki ta iso shekaranjiya. A tsaye na karanta ta, na zauna na sake karantawa, ranar ban iya taɓa aiki ba. Uwata da Baba Daudu 'ya'yan wa da ƙane ne kawai, amma shekara shida na yi a gidanku ban taɓa jin ni baƙo ba ne. Yaya Lydia ce ta ɗinka mini rigar makaranta ta farko. Ki gaya mata na ji, kuma na yi fushi da ta ɓoye mini.

Kin ce kada in kauce, to ba zan kauce ba. Sai dai ki bar ni in fara daga tushe. Jikin mutum an gina shi ne da 'yan ƙananan ƙwayoyi waɗanda ido ba ya gani sai da madubi na musamman. A cikin kowace ƙwaya akwai wani dogon zare, a jikinsa aka jera duk abin da mutum ya gada, rabi daga uwa, rabi daga uba. Mu a nan mukan ɗauke shi kamar littafi. Abin mamakin shi ne, kowace ƙwaya tana riƙe da littafin gaba ɗaya, ta ido da ta hanta da ta fata. An gwada wannan da 'ya'yan kwaɗi: aka ciro littafin daga ƙwayar hanjin ɗan kwaɗo, aka sa a cikin ƙwan da aka cire wa nasa, sai ga ɗan kwaɗo sukutum ya fito, da kai da jela. Aikina kullum shi ne in raini irin waɗannan ƙwayoyi a 'yan faranta na gilashi, masu lafiya da masu ciwon daji, ina ba su abinci ina duba su.

Tagwaye masu kama ɗaya daga ƙwai guda suke fitowa, wanda ya rabu biyu tun farkon ciki. Saboda haka amsar tambayarki ta farko ita ce e. Duk abin da aka rubuta a jikin Yaya Lydia an rubuta shi a jikinki, babu harafin da ya bambanta. Wuri ya ƙare, ki juya bayan takardar.

Amma ba duk abin da aka rubuta ake karantawa ba. Ƙwayar ido tana buɗe shafin ido ne kawai, sauran shafuka a rufe suke. Akwai abin da ke buɗewa da rufewa, kuma shi ne muke nema. Wasu a bana suna zaton 'yan alamomi ne ake ɗiga wa zaren, ba a tabbatar ba tukuna. Ciwon daji yakan fara ne a ƙwaya ɗaya tak, in rubutunta ya sami lahani daga baya, ko ta buɗe shafin da ya kamata ya zauna a rufe. Wannan ya faru a wata ƙwaya ta jikin Yaya Lydia. Ba dole ne ya faru a naki ba. Saboda haka amsar tambayarki ta biyu ita ce a'a, ba a yanke miki hukunci ba. Ki je dai likita ya duba ki. Ki gaida Joseph.

Ƙanenki,
Manasseh

*

Roni
24 ga Agusta, 1975

Ƙanena Manasseh,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fata aiki yana tafiya. Damina ta yi kyau, gero ya fara fitar da kai. Ka yi haƙuri da jinkirin amsa.

Wasiƙarka ta sha wuya kafin ta zo. Lado, mai kawo mana wasiƙu daga Kazaure a keke, ya faɗa rafi da jakarsa ranar da aka yi ruwan nan mai yawa. Shi bai ji ciwo ba, amma takardu sun jiƙe. Na shanya taka a kan tebur. Gaban ya karantu sarai. Bayan kuwa tawada ta narke ta zama shuɗi ɗaya, sai "ki gaida Joseph" da sunanka na iya fitarwa. Na san dai gaishe-gaishe ne, na isar.

Na gode da ka gaya mini gaskiya. Babu harafin da ya bambanta. Na karanta layin nan har na haddace shi. Da ma zuciyata ta ba ni. Kwanan nan ina jin suka a hammatata ta dama, ban kai hannu wurin ba, kuma ba zan je Kano su tabbatar mini da abin da na riga na sani ba. Keken ɗinkina na ba maƙwabciyata Batulu, ta yi ta tambaya ko ƙaura zan yi.

Akwai abin da ya faru wanda ba ni da mai gaya wa sai kai. Ran Asabar ɗin da ta wuce ina shafa wa Lydia man zafi a baya, Dorkas tana wasa a tsakar gida, sai ta ce mini, "Martina, in na tafi, yarinyar nan taki ce. Na riga na gaya wa Joseph, ya yarda."

Ka san mijina ya rasu ba mu samu haihuwa ba. Ka san kuma yadda nake son yarinyar nan. Amma ina ji ina gani ba zan ɗauke ta ta saba da ni, bayan shekara ɗaya ko biyu ta sake tsayawa a bakin kabari, ta ga an rufe fuska iri ɗaya sau biyu ba.

Na ce, "Ba zan iya ba."

Ta ce, "Me kika ce?"

Na ce ɗakina ɗaya ne, ga aikin makaranta, ga Roni babu asibiti. Na yi ta jero dalilai, kowanne ya fi na baya rashin kan gado. Ta bar ni har na gama. Sannan ta jawo rigarta ta rufe bayanta, ta ce, "Ya isa haka. Na gode da man."

Tun ranar ba ta sake kallon idona ba. In na kawo mata kunu sai ta ce in ajiye. Ban gaya mata dalili ba, kuma kai ma kada ka gaya mata. Nata ciwon ya ishe ta, ba sai ta tafi da nawa ba. Joseph ya aika wa uwarsa a can Kudancin Zariya, za ta zo ta tafi da Dorkas da zarar ruwa ya ɗauke. Yarinyar ba ta jin yarensu, ba ta taɓa ganin tsohuwar ba. Na kasa zama wuri ɗaya, Manasseh. Ran Alhamis da aka tashi makaranta na hau dutsen bayan gari na sauko, na sake hawa.

Yayarka,
Martina

*

Ingila
15 ga Satumba, 1975

Yaya Martina,

Ina gaisuwa, ina fata wannan ta same ki lafiya. Ba zan tsawaita gaisuwa ba, ki gafarce ni.

Abin da ruwa ya cinye ba gaishe-gaishe ba ne. Rabin amsarki ne, kuma shi ne rabin da ya fi muhimmanci. Laifina ne. Na tsaya ina ba ki labarin kwaɗi kamar ina gaban ɗalibai, na tura abin da kike bukata can baya. Yau na rubuta a fuska ɗaya ta takarda, kuma kofi biyu na yi. Ɗaya zan aika Roni, ɗaya Kazaure ta hannun Joseph da sunanki a kai, in wata ta ɓata wata ta iso.

Ki karanta a hankali. Littafinku ɗaya ne, haka ne. Amma ciwon Yaya Lydia ba a haife ku da shi a shirye ba. Ya fara ne daga baya, a cikin ƙwaya ɗaya ta jikinta wadda ta ɓata hanya, ta riƙa karanta abin da ya kamata ta bari a rufe, ta yi ta hayayyafa ba tsayawa. Abin da ya sa ta yi haka, har yau ba mu gama sani ba, shi ne ma aikin da ya kawo ni nan. Shekara talatin da takwas kenan jikinki da nata kowanne yana tafiyarsa.

Da wasiƙarki ta zo na bar aiki na shiga ɗakin karatu na kwana biyu. A wasu ƙasashen arewacin Turai suna rubuta tarihin tagwaye tun daga haihuwa. Abin da na gani shi ne, in ɗaya ta kamu da wannan ciwo, mafi yawan 'yan'uwan haihuwarsu ba sa kamuwa. Ba zan ɓoye miki ba, haɗarinki ya fi na sauran mata. Wannan dalili ne na zuwa a duba ki, don in an gano shi da wuri yana da sauƙin magani. Ba dalili ba ne na rabar da kaya.

Ki kai hannu wurin da kike tsoro. Ki kwanta rigingine, ki ɗaga hannu bisa kai, ki bi da tafin yatsu uku a zagaye, a hankali, har cikin hammata. Sannan ki je Kano ko kin ji wani abu ko ba ki ji ba.

Maganar Dorkas kuma, ni ƙane ne, ba ni da bakin ba ki umarni. Amma kin ƙi ta ne saboda layin da na rubuta, don haka ina roƙonki ki koma wurin Yaya Lydia ki gaya mata gaskiya tun tana iya ji. Ba ni da tabbacin shekarun da Allah zai ba ki. Uwar Joseph ma ba ta da tabbacin nata.

Ƙanenki,
Manasseh

*

Ingila
20 ga Oktoba, 1975

Yaya Martina,

Gaisuwa. Ina fata kuna lafiya. Yau mako biyar ban ji daga gare ki ba. Sau biyu a rana nake leƙa akwatin wasiƙu, har mai gadin ƙofa ya fara girgiza mini kai tun daga nesa. Ƙwayoyin da na yi wata huɗu ina raino sun mutu makon jiya, don na manta ban sauya musu ruwan abinci ba. Malamina ya tambaye ni ko lafiya, na ce lafiya. Na san yanzu ruwa ya ɗauke a gida. An tafi da Dorkas? Yaya Lydia fa? Ko layi ɗaya ne ki rubuto. In Nuwamba ta ƙare ban ji komai ba, zan nemi izini in taho.

Manasseh

*

Roni
11 ga Nuwamba, 1975

Ƙanena Manasseh,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji mai ta'aziyya. Ina lafiya, Dorkas ma haka. Wasiƙarka ta Oktoba ta zo jiya. Kada ka taho, ka zauna ka gama abin da ya kai ka.

Lydia ta rasu ran Litinin, ashirin da bakwai ga Oktoba, da hantsi. Mun binne ta kusa da Baba. Ba ta sha wahala sosai a kwanakin ƙarshe ba, kuma ina riƙe da ita. Ka yi haƙuri, na san kai ma uwa ka rasa.

Bari in gaya maka yadda aka yi, don ka daina ɗora wa kanka laifi. Kofin da ka aika Kazaure shi ya riga isowa. Joseph, da ya ɗauki hutun aiki saboda jinya, ya ajiye shi a kan tebur sai na zo Juma'a. Lydia ta gane hannunka, ta sa haƙori ta yage ambulan. A lokacin uwar Joseph ta riga ta iso, an wanke kayan Dorkas an ɗaure, motar Asabar suke jira.

Ranar Laraba ce, ina cikin aji, sai ga Joseph a kan babur, ya ce in hau. Na ce ta cika ne? Ya ce, "Ba ta cika ba. Faɗa take nema."

Na same ta an jingina ta da matashi, takardarka a cinyarta. Ta ce kowa ya fita. Ta miƙo mini, ta ce in karanta da ƙarfi. Na ce ai sunana ne a kai. Ta ce, "Tun muna yara wace wasiƙa ce taki da ban karanta ba? Karanta."

Na karanta har ƙarshe. Da na gama sai ta ce, "Wata biyu ina kwance ina tambayar kaina me na yi miki. Ashe shirme ne kawai ya dame ki. Malamar makaranta guda, ki karanta rabin takarda ki yanke wa kanki likkafani."

Na ce ban so ta tafi da damuwata ba.

Ta ce, "Sai kika bar ni in tafi da ƙiyayyarki. Kwanta nan."

Ta sa na kwanta kusa da ita a gadon, na ɗaga hannu bisa kai yadda ka rubuta. Da hannunta na hagu, wanda ya rage mata, ta bi ko'ina da yatsu uku, tana haki, tana hutawa, tana ci gaba. Ta daɗe. Ta ce ita ta san yadda abin yake a hannu, wata bakwai ta yi tana taɓa shi, babu likitan da zai fi ta. Can ta sauke hannu ta ce, "Babu komai. Tashi ki kwance kayan yarinyar nan."

Uwar Joseph ba ta ji daɗi ba da farko, tafiyar kwana biyu ta yi. Amma mace ce mai hankali. Ta zauna ta yi jinya tare da ni har ƙarshe, kuma mun shirya zan riƙa kai mata Dorkas duk hutun Kirsimeti. Lydia ta sa na yi alkawarin zuwa Kano, na kuwa je makon jiya. Likita bai sami komai ba. Ya ce sukar hammata daga ɗaga hannu ne a allo, in riƙa dawowa duk wata shida. Ba zan ce maka tsoron ya tafi duka ba. Wani lokaci yana dawowa, sai in tashi in kama wani aiki.

Yanzu Dorkas tana nan Roni. Da safe tana bi na makaranta, ta zauna a bayan aji tana zane a ƙasa. Matan unguwa sun yi ta ce mata, "Ga mamarki nan, Allah ya bar miki ita." Ni ma na yi zaton da fuskar nan za ta ruɗe, har ina tunanin yadda zan yi in ta kira ni Mama. Ranar da muka iso, ina yi mata wanka, sai ta kama fuskata da hannu biyu ta daɗe tana dubawa. Ta ce, "Ke ba Mama ba ce."

Na ce, "A'a. Ni Inna Martina ce."

Ta ce, "Na sani. Mama ba ta sa mini sabulu a ido."

Na ɗauraye mata fuska, na ce ta koya mini yadda ake yi. Ta nuna mini.

Yayarka,
Martina